Na goge kashiya ɗaya, rasit ɗin zango guda suka bi shi

Wata makaranta mai zaman kanta a Zariya na haɗa wa manhajar karɓar kuɗin makaranta, da Django, wato kayan gina manhajar yanar gizo da yaren Python, da kuma PostgreSQL, rumbun da ke ajiye bayanan. Abin da ya ja ni ga Django tun farko shi ne ORM ɗinsa, wannan tafintan da ke zaune tsakaninka da rumbun bayanai: ka yi masa magana da Python, shi kuma ya juya ta zuwa SQL, yaren da rumbun yake ji. Wata takwas muna zaman lafiya da shi, har na fara manta yadda ake rubuta SQL da hannu.

A teburin rasit, wato jadawalin da rumbun ke jera rasit a ciki, akwai gurbin da ke nuna ma'aikacin da ya karɓi kuɗin. Tun daga Django 2.0, wanda ya fito a Disambar 2017, ba ya barin ka jingina wani teburi da wani sai ka faɗi abin da za a yi idan aka goge wanda aka jingina da shi, wato on_delete. Da can shi yake zaɓar maka CASCADE, wato in an goge abu a goge duk abin da ke jingine da shi, daga baya suka ce kowa ya rubuta da hannunsa don ya tsaya ya yi tunani. Ni ban tsaya ba. Na ga haka ake rubutawa a darussan koyo, na bi na zuba CASCADE a ko'ina kamar mai barbaɗa gishiri.

Ranar wata Lahadi da yamma shugabar makarantar ta kira ni. "Injiniya, kashiyan nan namu ya ajiye aiki, don Allah a cire shi kada ya ƙara shiga." Na ce, "An gama, Hajiya." Da ta shafin gudanarwa na Django na bi, da ya jero mini duk abin da zai tafi tare da mutumin kafin ya tambaye ni ko na tabbata. Amma ni gwani, sai na shiga sabar kai tsaye, na nemo sunansa, na kira delete. Nan ba mai tambayarka komai. Ya ma dawo mini da adadin abin da ya goge, ɗari takwas da wani abu maimakon ɗaya, na gani da idona, ban karanta ba, na rufe kwamfuta na tafi sallar magariba.

Litinin da hantsi aka fara tura yara gida wai ba su biya ba. Wani uba ya zo da rasit ɗinsa a ninke cikin aljihun gaban riga, ya shimfiɗa shi a kan tebur, ga hatimin makaranta, ga sa hannun kashiya, manhaja kuma ta ce ana bin 'yarsa bashin zango cur. Da Hajiya ta kira ni, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba.

Abin da ya fi ci mini rai sai daga baya na gano shi. Da SQL na rubuta da hannuna na ce a goge wannan ma'aikacin, PostgreSQL ƙin yarda zai yi, domin akwai rasit da ke jingine da shi. Django ne da kansa yake bi ya tattaro duk abin da ke rataye da mutum, ya share su tare da shi, rumbun bayanan bai ga abin da zai yi ƙorafi a kai ba. Tafintan ya yi daidai abin da na gaya masa wata takwas da suka wuce. Kuma da yake kowane umarni nan take yake tabbata in ba ka naɗe shi cikin atomic ba, wato ƙunshin da ke ba ka damar fasawa kafin ya tabbata, babu maganar janyewa.

Kwafin ajiya na pg_dump, kayan da ke kwafe rumbun PostgreSQL, ne ya rufa mini asiri, shi ma ba duka ba, don na ƙarshe ya kwana tara. Na zuba shi a wani rumbu daban, na kwaso rasit ɗin da suka ɓata, na mayar da kashiyan da lambarsa ta asali. Na kwana taran nan kuwa, sai da muka zauna da sabuwar kashiya da littafin rasit mai kabon, tana karanto mini ina shigarwa, wasu shafukan shuɗin ya dushe har sai mun ɗaga su saitin taga. Yini biyu muka yi.

Yanzu duk abin da ya shafi kuɗi PROTECT nake sa masa, in ka zo gogewa ya tsayar da kai da kuskure. CASCADE na bar wa abin da ba shi da amfani in babu uwarsa, kamar layukan da ke cikin rasit ɗaya. Ma'aikaci kuwa ba na ƙara goge shi, is_active nake mayarwa False, wato in kashe alamar da ke ba shi damar shiga, wanda ashe shawarar da takardun Django suka bayar ke nan tuntuni, ni ne ban karanta ba.

Hajiya ba ta karɓe aikin daga hannuna ba. Amma ta hana a daina rubuta littafin kabon, ni kuma ban iya buɗe baki na yi mata musu ba.