Kafin ka canza na'urar faifai ka fara duba hannunka

Ranar Asabar na leƙa ɗakin ɗan wana na tarar da shi durƙushe gaban na'urar faifansa, ya samo wani ɗan noti irin na keke ya liƙa shi da salatif a saman allura, wai faifan yana tsalle in an zo waƙa ta uku. Yana ganina ya ce Baffa ai matsalar na'urar ce, dairek ce, wato wadda moto ke juya farantinta kai tsaye, ya gani a intanet masu harkar na cewa mai bel, wadda zoben roba ke juya farantinta, ta fi daɗin sauti, har ya fara tara kuɗin wata. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don abin da na yi kenan sak, ni dai kwabo na ɗora ba noti ba.

Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya rasu a 2004 ya bar faya-fayai sun kai sittin a cikin akwatin ƙarfe, yawancinsu bugun Legas ne tun zamanin da kamfanonin faifai EMI da Decca ke harkar a Najeriya, kuma duk gidan ba wanda ya damu da su sai ni. Na shiga gwanjo na sayo na'ura mai bel wadda aka kawo daga Amurka, na haɗa mata taransifoma saboda wutarsu 120 ce tamu 230, na ɗora faifai sai na ji muryar mawaƙin tana ja kamar mai jin barci. Wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari ne ya warware min, ya ce irin wannan moton da bugun wuta yake tafiya, na Amurka 60 namu 50, kenan faifan da ya kamata ya yi juyi 33 da sulusi a minti ɗaya bai fi 28 yake yi ba. In kuma aka ɗauke wuta muka tada janareto to murya ta dinga hawa da sauka kenan. Zafin watan Afrilu ya zo ya ƙarasa zancen, na ɗaga faranti na tarar bel ɗin ya narke ya manne kamar kwalta.

Daga nan na tsani duk wani abu mai bel, na yi ta tari har na samu Technics SL-1200 MK2 na hannu a 2009. Ita moton a gindin farantin yake, shi ke juya shi kai tsaye ba roba a tsakani, kuma ƙwayar kwatz ce ke riƙe gudunta don haka ba ruwanta da bugun wuta, za ka ga ɗigo-ɗigon gefen faranti sun tsaya cak a hasken jar fitila. Na haddace tarihinta kaf, Matsushita na Japan, kamfanin da ke yin Technics, su ne suka fara fito da dairek a 1970 da SP-10, SL-1200 ta zo a 1972, MK2 a 1979, nauyinta ya haura kilo 12, aka daina yin ta a 2010 sannan aka dawo da ita a 2016. Da wannan haddar na dinga shiga musu a Facebook da masoya na'urori masu bel, 'yan Rega da 'yan Linn Sondek, su suna cewa bel yana shanye girgizar moto kafin ta kai ga allura, ni ina cewa me amfanin shiru in gudu bai tsaya daidai ba, wani lokacin har ƙarfe biyun dare ina rubutu.

Duk tsawon shekarun nan ban taɓa auna nauyin hannun na'urar mai riƙe da allura ba, ko sau ɗaya. Allurar da na tarar a jiki da ita na ci gaba, ban san awa nawa ta yi a hannun mai ita na farko ba. Da ta fara tsalle na ɗauko tsohon kwabo na ɗora mata a ka, tsalle ya tsaya, na ce shikenan an gama. Ga ɗan liba nan a gefe wanda aka yi shi don ya sauke allura a hankali amma ni da yatsa nake ɗagawa in dangwarar, in wani baiti ya min daɗi in ja ta baya in sake dangwarawa a wuri ɗaya sau biyar sau shida. Faifan da Baba ya fi so, wanda yake sawa bayan sallar Isha'i ran Juma'a, shi ya fi shan wannan wahala don shi na fi sawa.

To amma a min adalci, wa ya koya min? Kowa a unguwarmu kwabo yake ɗorawa, kuma na taso na ga garmahon kakanmu hannunsa nauyi gare shi kamar guduma yana aiki lafiya, ban san cewa wancan faifan mai juyi 78 ne mai tauri da allurar ƙarfe da ake jefarwa bayan kowane gefe ba. Na'urar gwanjo kuma ba ta zuwa da takarda. Sai dai in na faɗi haka zuciyata takan ce min ƙarya kake, wanda ya iya haddace 1972 da 1979 ai zai iya tambayar giram nawa allura ke so, kawai dai musun ya fi min daɗi ne saboda a musu ana ganin ka ka sani, awon allura kuwa ba mai ganin ka.

A 2013 wani dattijo da ya yi aikin injiniya a gidan rediyo ya zo gidana da ɗan ma'auni kamar akwatin ashana. Ya sauke allurar a kai da kwabon da komai, lamba ta nuna giram bakwai da wani abu, alhali biyu ake so. Ya ciro gilashin ƙara girma ya ce duba, na ga bakin allurar ya cinye ta gefe ya yi kaifi kamar aska, ya ce ɗana wannan ba karanta faifai take ba, sassaƙa shi take. Tsoro ya sa bayan ya tafi na mayar da ita giram ɗaya, da ya dawo ya ce wannan ma ɓarna ce, allurar da ba ta zauna ba rawa take a cikin layin tana dukan bangonsa hagu da dama. Faifan Baba yanzu in ka sa gefe na biyu muryar tana can ƙasa, a samanta wani shuuu kamar ruwan sama a kan rufin kwano, kuma ba wankin da zai dawo da ita.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawara goma, amma ku yaran yanzu wa zai karanta goma, faifai na juyawa kuna riƙe da waya kuna ɗaukar bidiyon TikTok, ku gama cin awara ku dafa fuskar faifai da yatsu masu mai, haba. Ku sayi ma'auni kafin komai. Ku juya dutsen bayan hannu, wato ƙarfen nan mai nauyi, har hannun ya tsaya a iska bai hau bai sauka ba, ku mayar da lamba sifili, sannan ku ba shi nauyin da mai allurar ya rubuta, irin su AT-VM95E giram 2 ne, maɓallin da ke hana hannu zamewa ciki shi ma ku sa shi daidai da wannan lambar. Allurar da ba ku san tarihinta ba ku cire ta yau, sabuwa ma tsakanin awa 500 zuwa 1000 ta gama aiki, wata ma ba ta kai. Liba kuma ba ado ba ne.

Kar ku canza na'ura, wadda ke gabanku ta isa. Amma gaskiya in mai bel ce kuma janareto kuke kunnawa a zafin nan namu, ku sayar ku nemi dairek, ni har gobe a nan nake. Ko da yake bara na ji Rega a gidan wani abokina da ke da sola, na zauna awa biyu ban iya tashi ba, ban dai faɗa masa ba.

Shi ɗan wan nawa na sa shi ya ɓare salatif ɗin da hannunsa. Ashe teburin ne ya karkace, ga ƙurar hunturu ta dunƙule a bakin allura kamar auduga. Muka sa kwali a ƙafa ɗaya, muka goge, muka auna giram biyu, waƙa ta uku ta wuce lafiya ba tsalle. Sai ya ce Baffa to yanzu za ka ara min na Kaka? Na ce ya bari tukuna, zan dawo bayan wata uku in ga ko ma'aunin da na bar masa yana kan tebur ko ya shige ƙarƙashin gado.