Na Ajiye Albashi, Na Koma Duba Haɗari a Masana'antu

Na daɗe ina jami'in kiyaye haɗari a wani kamfanin robobi da ke Sharaɗa a Kano. Aikin akwai rufin asiri, amma duk sanda na leƙa ƙananan injinan casar shinkafa ko majemun Chalawa, sai in tarar da samari sanye da silifas suna aiki dab da bel ɗin da babu murfi, ba mai ce musu uffan. Irin waɗannan wurare ba su da ƙarfin ɗaukar jami'i na dindindin. Abin ya yi ta ci mini rai har na rubuta takardar ajiye aiki, don in koma mai ba irin waɗannan wurare shawara mai zaman kansa.

Batun takardu bai ba ni wahala ba. Ina da shaidar ƙwarewa kan kiyaye haɗari ta hukumar NEBOSH ta Ingila, ina cikin ISPON, ƙungiyar masu wannan sana'a a Najeriya, sai na yi rijistar sunan kasuwanci a CAC na karɓi lambar haraji. Kuɗi ne ya fi koya mini darasi. Albashi ƙarshen wata yake shigowa, kuɗin mai ba da shawara kuwa sai ranar da akanta ya ga dama. Shi ya sa yanzu ba na ɗaga ƙafa sai an rubuta yarjejeniya an ba da kafin alƙalami.

Abu mafi nauyi shi ne wanda zai biya ka, shi ne wanda za ka gaya wa abin da ba ya son ji. A wani injin shinkafa na iske ƙofar baya an danna mata kwaɗo, an jibge buhuna a gabanta har rufi. Tukunyar kashe gobarar da ke rataye a bango allurarta ta faɗa kan ja, alamar ba ta da ƙarfin fesawa, ƙurar ɓuntu ta lulluɓe akwatin wuta, ga wayoyi an ɗaure da leda. Na ce wa mai wurin, "Alhaji, in wuta ta tashi ta gaba, yaran nan ta ina za su fita?" Ya ce, "Malam, ai ta ƙofar nan ake ɗebe mini shinkafa da dare." Gaskiya ya faɗa, kuma in ban magance masa satar ba, kwaɗon zai koma da zarar na juya baya. Muka kira mai walda ya haɗa sakata da ake turawa daga ciki amma ba ta buɗuwa ta waje, aka sa ƙararrawa mai kuka in an buɗe. Kuɗin da aka kashe bai taka kara ya karya ba.

Doka tana tare da ni. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace injina masu haɗari, a kuma tanadi hanyar tsira daga gobara. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki. Sai dai ba da doka nake buɗe zance ba. Duk ɗan kasuwar Kano yana tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, don haka in na yi maganar dukiyar da za ta ƙone da makwannin da inji zai yi a tsaye, nan da nan ake gyara zama.

Akwai masu kirana don takarda kawai, in sa hannu cewa an horar da ma'aikata ba tare da na ga kowa ba. Ba na yi, ko da kuwa watan ya zo da ƙunci, domin yatsun wani ne ke ƙarƙashin wannan sa hannun.

Horon kansa da Hausa nake yi, a gindin inji, ba a ofis ba. Nakan miƙa wa lebura tukunyar ya zare fil ɗin da kansa, ya nufi gindin wutar da muka kunna a rabin duro. Rahotona kuma shafi biyu ne da hotuna: abin da za a gyara yau, da wanda zai iya jiran wata. Mafi yawan aikina yanzu zagayen wata-wata ne a wuraren da muka saba, in duba ko an gyara abin da muka yi magana a kai.