Zuma, ruwa da man gyaɗa a kofi ɗaya

Jiya da la'asar yaran gidanmu suka kewaye ni a kicin. Na zuba zuma a kofin gilashi, na bi ta da ruwa a hankali, sannan man gyaɗa. Zuma ta kwanta ƙasa, ruwa tsakiya, mai ya hau sama.

Autarsu ta ce, "Anti, ai mai ya fi ruwa kauri, me ya hana shi nutsewa?" Wallahi tambayar nan ta faranta min rai. Kauri daban, nauyi daban. Litar ruwa kilo 1 ce, ta mai ba ta kai haka ba, ta zuma kuwa wajen kilo 1.4.

Sai muka saka ɗanyen ƙwai a ruwa ya nutse, muka yi ta narka gishiri har ya taso. Yau kuma sun ce sai mun gwada da manja.