Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gwangwani ɗaya na warangi

A makon jiya na tsayar da labarin a inda mota ta sauke ni a bakin Tafkin Kainji, daga ni sai jakata da allon awo da sikeli mai ƙugiya, aka nuna mini wata tungar masunta aka ce ita da makwabtanta su ne rabona a aikin auna kamun kifi.

Ni mutumin ƙasar Gumel ne. Ruwan da na tashi na sani shi ne na rijiya da kududdufin damina, wanda kafin sanyi ya wuce ya riga ya zama taɓo. To ga ni yau a gaban ruwan da in ka tsaya a wani gefen ba ka hango ɗaya gaɓar. Tun da aka datse Kogin Kwara a 1968 ruwa ya ja baya ya kwanta, tsawonsa ya fi kilomita 130 daga madatsar har wajen Yawuri. Tsohon garin Busa yana ƙarƙashinsa, kuma mutum fiye da 40,000 aka tasa daga garuruwansu aka sake musu matsuguni. Tun a wancan lokacin aka kafa aikin binciken tafkin a Sabuwar Busa, wanda daga baya ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa. Duk wannan na karanta shi a makaranta. Amma a makaranta ba wanda ya koya mini yadda ake zama a kwale-kwale ba tare da ka kifar da mutane ba.

Aikina a takarda ba shi da wuya. Ranakun da aka sa mini a kowane wata, kafin gari ya waye ina mashigi. Jirgi ya iso, in tambayi mai shi da wane irin kaya ya fita, raga ce ko birgi ko mamari ko gura, yaushe ya sa, yaushe ya ɗebe. In auna idon ragar. Masunta da yatsa suke aunawa, su ce mai yatsa biyu ko mai yatsa huɗu, ni kuma in mayar da shi inci. Sannan a juye kamun, in ware kowane kifi da danginsa, in rataya a sikeli, in ɗora wasu a allo in karanta tsawonsu daga baki zuwa wutsiya. Da fensir ake rubutawa, don biro in ya ga ruwa ya gama.

Ba mai iya auna kifin tafki gaba ɗaya. Abin da ake yi shi ne, sau ɗaya a shekara a zagaya tunga-tunga a ƙirga jirage da kayan su. Sauran watannin kuma irinmu mu auna kamun jirage kaɗan, sai a ofis a ninka abin da muka rubuta da yawan jiragen da aka ƙirga. Wato lambar da yaro ɗaya ya rubuta a bakin ruwa da asuba, ita za a ninka sau ɗaruruwa a ce ga abin da tafki ya bayar. Ogana ya faɗa mini wannan tun ranar farko, ya maimaita har na ƙosa. Ashe akwai ranar da zan tuna.

Makonnin farko na sha wuya. Da zarar sun hango ni da allo, jirage sai su karkata su sauka can bayan ciyawa. A wurinsu duk mai biro da takarda haraji ya kawo, kuma ban ga laifinsu ba, don ba su taɓa ganin an rubuta sunansu alheri ya biyo baya ba. Wanda ya buɗe mini hanya shi ne mai masaukina, wani dattijo Basarke da kakanninsa suka gangaro daga ƙasar Kabi suna bin kogi. Baba nake ce masa, shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai yaro. Wata safiya ya jawo jirginsa har gabana ya juye kamunsa a ƙafata, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Auna, yaro. In kuɗi suka biɗa ni ka biya." Daga ranar jirage suka fara tsayawa.

A hannunsa na koyi kifi. Littafin da aka ba ni yana da zane da sunayen Latin, amma kifin da ya kwana a raga ba ya kama da zane. Baba zai ɗago ɗaya ya ce wannan faliya ce, wadda ta cika tafkin a shekarun farko bayan datsewa har aka rasa itacen banda, daga baya ta ja baya. Wannan tsage ne, kula da haƙoransa. Wannan bali, shi da yauni gida suke yi wa ƙwansu a cikin ciyawa, kuma yauni in yana gadin nasa ba a kusantarsa. Ya nuna mini yadda ake riƙe kurungu ta bayan ƙayoyinsa, bayan da ɗaya ya huda mini tafin hannu na kwana ina jin zugi har kafaɗa. Ya ce akwai kurungun da ke iyo a rigingine, ciki sama. Na ɗauka zolaya ce, sai da na tarar da shi a littafi haka. Minjirya kuwa bai gargaɗe ni ba. Ya bari na taɓa, don a cewarsa wannan karatun hannu ke ɗaukarsa.

Akwai wani faifai da muke da shi, faɗinsa santimita 20, an yi masa fenti fari da baƙi. A ɗaura masa igiya a saka cikin ruwa har ya ɓace wa ido, a auna igiyar, wannan shi ne hasken ruwan. Da damina faifan ba ya nisa yake ɓacewa, don ruwan ya yi fari fat da laka. Wajen Disamba sai ka ga igiya tana ta tafiya. Baba ya kalli abin ya ce ai baƙin ruwa ne ya iso, ba sai an sa faifai ba. Gaskiyarsa. Tafkin sau biyu yake samun cika a shekara. Farin ruwa shi ne na daminarmu ta nan kusa. Baƙin ruwa kuwa a tsaunukan Gini ya sauka, ya shiga fadamun Mali ya yi watanni yana ratsawa, ya zubar da lakarsa a can, ya iso mana garau a tsakiyar hunturu. Baba bai taɓa zuwa Gini ba, amma da ya ga launin ruwa zai gaya maka kifin da zai fara shiga raga.

Idan oga ya zo zagaye, aikin yakan ƙara zurfi. Yakan sayi 'yan kifaye ya farke cikinsu a kan tebur, ya duba mace ce ko namiji, ƙwai ya nuna ko da saura, me ta ci. Ya fasa kai ya zaro wani ɗan farin dutse da ke cikin kunnen kifi, ya sa a ambulan. Dutsen yana da zobe-zobe kamar na kututturen itace, da su ake gane shekarun kifi. Abin da yake nema a duk wannan shi ne tsawon da kifi ke kaiwa kafin ya fara ƙwai. Ragar da ke kama shi kafin ya kai nan, gaba take ci.

Wannan ne ya kawo mu maganar dala.

Dala taru ce doguwa mai ƙananan idanu kamar gidan sauro. Da dare ake zagaya ruwa da ita a jirgi, samari su kasu biyu a gaɓa suna ja har ta fito. Warangi ake nema da ita, waɗannan 'yan kifayen masu ƙyalli da ba su wuce ɗan yatsa ba. Shi warangi haka Allah ya yi shi, a wannan girman yake ƙwai, kuma yana hayayyafa da sauri. A shanya shi a rana, a cika buhuna, fatake su kwasa a kasuwannin Yawuri da Malale. Kuɗi ne a hannu. Masu raga kuwa kullum kukansu ɗaya, dala na kashe musu gobe. Ofis yana son ya san gaskiyar abin da lamba, don haka aka ce duk inda aka ja dala mu ɗebi gwangwani ɗaya daga tsakiyar tulin, ba daga sama ba, mu ware duk abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya.

Dalar tungarmu ta babban ɗan Baba ce. Yaya nake ce masa. Shi ya koya mini riƙe filafili, matarsa ce ke aiko mini da tuwo.

Daren da na bi su akwai sanyi mai shiga ƙashi. Samari suna ja suna waƙa, ƙafafunsu na nutsewa cikin yashi. Da tarun ta fito sai gaɓa ta ɗau ƙyalli kamar an watsa sulalla. Na cusa gwangwanina tsakiya na cika, na koma gefe na shimfiɗa buhu, na kunna fitilar ƙwai. Da farko duk ɗaya suke a idona. Sai da na sunkuya sosai na fara gani. Wannan cikinsa yana da kaifi kamar zarto, warangi ne. Wannan kuwa jikinsa a faɗaɗe, ɗan karfasa ne, bai kai farcen babban yatsa biyu ba. Ga 'ya'yan faliya kamar kwabo. Ga 'ya'yan kawara. Na ware, na ware, tulin gefe yana ƙaruwa. Can na ɗago wani da bakinsa ya yi masa girma, da ƙayoyi a gadon baya. Na kai shi kusa da fitila. Ɗan giwan ruwa ne. Kifin da ke iya wuce kilo 100, wanda in ya faɗa mamari sai mutum uku sun taru, ga shi kwance a kan yatsana bai cika tsawonsa ba. Na sami irinsa guda 9 a gwangwanin nan kaɗai, tulin kuwa da daro ake kwasarsa.

Na rubuta. Ina cikin rubutu Yaya ya tsuguna kusa da ni, jikinsa na ɗigar ruwa.

"Malam, mi ka rubuta?"

Na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce tarun nan bashi ce. Wani ɗan kasuwa ne ya saya masa, da warangi yake biya. Samarin nan da na gani, kowanne da bakin da yake ciyarwa. Ya ce ya ji ana raɗe-raɗin za a hana dala, kuma ya san da irin takardata za a hana. Bai yi mini tsawa ba. Cewa ya yi, "Don Allah ka dubi zumunci."

Na koma ɗaki na kasa barci. Kafin asuba na ɗauki abin goge fensir na share 9 na sa 2. Na rage na karfasa, na rage na faliya. Ina yi ina gaya wa kaina ai gwangwani ɗaya ne, a tafki mai wannan girma wa zai sani. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna hannuna a kan takardar nan sai na ji nauyi a ƙirjina.

Da safe na fito na tarar da Baba zaune inda na yi aikin. Ban zubar da tulin gefen ba, yana nan a kan buhu ya fara bushewa, ƙudaje na bi. Yana tona shi da tsinke. Ya jera 'ya'yan giwan ruwan a kan gwiwarsa, duka taran, kai da kai.

"Yaro, nawa ka samu?"

Na buɗe baki na kasa. Ya dube ni, ya dubi takardar da ke hannuna. Baba bai yi boko ba, amma wurin da aka goge ko makaho ya shafa zai ji.

Ya ce lokacin da yake saurayi, kafin a datse kogi, ubansa in ya sami irin waɗannan a birgi da hannunsa yake mayar da su ruwa, kuma ba gwamnati ce ta sa shi ba. Ya ce shekara nawa rabonsa da ya kama giwan ruwan da ya gagare shi ɗauka, har ya daina ƙirgawa. Sai ya ce, "Ɗana na, na san bashin da ad kansa. Amma kai abin da ka gani aka aiko ka rubutawa."

Na zauna a gabansa na sake gogewa. Takardar har ta fara hujewa. Na mayar da 9, na mayar da sauran yadda suke, don tulin yana nan, na sake ƙirgawa a gabansa. Na ce, "Baba, to Yaya fa?" Ya ce in je in karanta masa da bakina kafin in aika, kada ya ji a wurin wani.

Na same shi yana ɗinkin taru a ƙarƙashin giginya. Na tsuguna na karanta masa layi-layi. Bai ɗago kai ba har na gama. Allurarsa na shiga tana fita. Na jira, na yi sallama na tashi.

Ranar tuwo bai zo ba. Inna, matar Baba, ita ta kira ni bayan isha ta miƙo mini kwano da gasasshen kurungu a kai, ta ce in ci in kwanta. Ranar kasuwa na ba direban motar kifi ambulan ɗin ya kai Sabuwar Busa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin taron da aka kira Sarakunan Ruwa a kan dala, da yadda aka yi ni da Yaya muka shiga jirgi ɗaya zuwa wurin.