Jakar kafet da zagin da ta haifa

A aikin fassara labaran siyasar Amurka, kalmomin zagi sun fi komai ba ni wahala, domin kowace da tsohuwar gabar da take ɗauke da ita. Wadda ta fi koya mini karatu ita ce carpetbagger. Da ita Turawa ke jifan wanda ya diro inda ba shi da asali don kawai ya hango abin lasawa.

Daga jaka aka samo ta. A ƙarni na 19 ana ɗinka jakar tafiya mai arha da ƙyallen kafet. Da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, Kudu ta sha kaye, bayi kusan miliyan 4 suka sami 'yanci, sai mutanen Arewa suka riƙa kwarara can. Fararen Kudu da mulki ya suɓuce wa suka ce ga mayunwata nan, duk abin da suka mallaka bai wuce cikin jaka ɗaya ba, sun zo wawure abin da yaƙi ya rage. Zuwa 1868 kalmar ta cika jaridunsu.

Akwai 'yan handama a cikin baƙin, ba musu. Amma da yawansu tsofaffin sojoji ne, wasu kuma malaman makaranta da suka je koyar da 'ya'yan bayin da aka 'yanta. Albion Tourgée ya bar Ohio ya koma Karolina ta Arewa, ya zama alƙali, ya yi ta ɗauki ba daɗi da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu yi wa baƙar fata ta'addanci. Shi ne kuma lauyan Homer Plessy a shari'ar 1896 da ta ƙalubalanci ware baƙar fata a jirgin ƙasa. Shi ma wannan sunan aka laƙa masa, alhali babban laifinsa a wurin masu zagin shi ne yana so baƙar fata su jefa ƙuri'a.

Shi ya sa duk lokacin da kalmar ta faɗo mini a labari, bakin da ta fito nake fara dubawa. In abokin hamayya ne ya furta, sai in jingina masa abinsa, ba na aro bakinsa in ci masa albasa.

Yau an fi jin ta lokacin zaɓe. An jefi Robert Kennedy da ita a 1964, aka jefi Hillary Clinton a 2000, da suka nemi kujerar sanatan New York, kuma dukansu suka ci. A Birtaniya kuwa, a shekarun 1990, ta koma kan masu buɗe asusu da ɗan kuɗi kaɗan a ƙungiyoyin bayar da rancen gidaje, suna dakon ranar da ƙungiyar za ta rikiɗe banki a raba wa mambobi hannun jari kyauta, kamar yadda Halifax ta yi a 1997. Abin ya yi yawa har wasu ƙungiyoyin suka riƙa sa sabon mamba ya sa hannu cewa in rabon ya zo, gidauniyar agaji za a miƙa wa nasa kason.