Kwana uku a gidajen sarautar bakin kogin Loire

Da na je wurin yayana da ke aiki a garin Tours na Faransa na ce masa ni fa ba zan koma gida ba sai na ga tsofaffin gidajen sarautar nan da su ke kira shato, har na rubuto guda shida a takarda. Ya kalli takardar ya ce "ƙanena rage su, uku ma sun ishe ka in dai gani kake so ka yi ba wucewa ba." Haka aka yi, kullum ɗaya, kuma wallahi ko ukun sai da ƙafa ta gaya min.

Chambord muka fara. Jirgin ƙasa zuwa Blois, daga nan sai bas, kuma a nan na fara koyon darasi don gidan a cikin daji yake, motocin da ke zuwa ba su da yawa, ta safe ta wuce mu sai da muka yi zaman jira. Duk mai zuwa ya duba lokacin komawa tun kafin ya tashi. Amma da muka fito daga cikin itatuwa na hango shi fari fat, saman rufin cike da hasumiyoyi da bututun hayaƙi kamar wani gari aka ɗora a kai, sai na manta da jiran. Sarki François na ɗaya ya fara gina shi a 1519, ɗakuna sun haura 400, katangar da ta zagaye dajinsa kilomita 32 ce, kuma duk da haka shi sarkin bai wani zauna ciki ba sai zuwa farauta jefi-jefi. Akwai matakala a tsakiya guda biyu da suka nannaɗe juna, Yaya ya bi ɗaya na bi ɗaya, muna hango juna ta 'yan tagogi amma ba mu haɗu ba har sama. Ku tafi da rigar sanyi, dutsen ginin sanyi gare shi ko da rana ake a waje.

Chenonceau ya fi sauƙin zuwa, tashar jirgin tana dab da ƙofar shiga. Shi kuma a kan kogin Cher aka gina shi, ruwa na wucewa ta ƙarƙashi. Sarki Henri na biyu ya ba farkarsa Diane de Poitiers gidan, ita ta sa aka yi gadar, da ya mutu a 1559 matarsa Catherine de Medici ta karɓe ta ɗora dogon zaure mai mita 60 a kan gadar. Wannan zauren ya zama asibitin sojoji a yaƙin duniya na farko, a na biyu kuma kogin shi ne iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da ɗaya ɓangaren, mutane sun bi ta cikinsa sun tsira. Ni dai kicin ne ya fi riƙe ni, can ƙasa cikin ginshiƙan gidan da ke cikin ruwa, tukwanen tagulla jere a bango, ƙugiyoyin rataye nama, katakon yanka duk ya lotsa a tsakiya saboda sara, kana tsaye kana jin ruwa a gefenka.

Maganar abinci kuwa, a ƙauyukan nan gidajen abinci da yawa daga ƙarfe biyu sun rufe kicin sai dare, kuma naman halal sai an dace. Tun rana ta biyu muka koma guzuri, burodi da cuku da dabino da ruwa. Salla ma a gefen lambu muke samun wuri mu shimfiɗa darduma.

Amboise na bari a ƙarshe don na ji a nan kabarin Leonardo da Vinci yake, shahararren mai zanen nan ɗan Italiya wanda ya rasu a garin a 1519, kuma na gani a wata 'yar majami'a a harabar gidan. Abin da ban zo da saninsa ba shi ne a wannan gidan Faransa ta tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya, malamin da ya yi shekaru yana yaƙar mamayarsu, daga 1848 zuwa 1852, shi da iyalinsa da mabiyansa. Wasunsu a nan suka rasu, har da mata da yara, aka binne su a can saman lambu. Yanzu an jera duwatsu a wurin don tunawa da su. Masu yawon buɗe ido suna ta wucewa zuwa inda ake hangen kogi, mu kuwa muka tsaya, Yaya ya cire jakarsa ya ajiye ya ce "mu yi musu addu'a." Mun daɗe a wurin har aka fara sanarwar za a rufe ƙofa, gidan Clos Lucé inda Leonardo ya zauna ma ba mu samu shiga ba duk da yana nan kusa, sai muka gangaro tasha muka kama jirgin yamma zuwa Tours.