Shingen da ke ƙofar kowane gida a Dagenham

Assalamu alaikum, 'yan'uwana na gida. Da fatan damina ta sauka lafiya, shuka ta yi kyau.

Kwanakin baya na tura wa Goggona hoton ƙofar gidan da nake haya a Dagenham, gabashin Landan. Ba ta tanka maganar ginin ba, sai ta ce, "Ɗan nan, wai ku ba ku da katanga ne? Kuma lalle ne wannan kuka shuka jere haka?" Tambayar ta tsaya mini a rai, domin shekaru nake wuce shingen nan safe da yamma ban taɓa neman dalilinsa ba. Kusan duk layin da ka bi a unguwarmu, gida bayan gida, shi ne dai: kore shar, an daidaita samansa kamar an aza katako.

Sunansa firibet. Goggo ba ta yi nisa da gaskiya ba, don ƙananan ganyensa sun yi kama da na lalle, har Turawa kan yi wa lallen namu laƙabi da firibet ɗin Masar. Amma ba dangi ba ne. Shi ɗan gidan su zaitun ne. Ingila na da nata na daji tun fil azal, sai dai wancan yakan zubar da ganye da yawa idan hunturu ya tsananta. Wanda ya mamaye birane baƙo ne, asalinsa Japan da Koriya, a ƙarni na 19 aka shigo da shi.

Hayaƙi ne ya fara ɗaga darajarsa. A wancan zamani da kwal ake girki, da shi ake ɗumama ɗaki, da shi masana'antu ke aiki, baƙin toka na sauka kan komai. Tsirrai masu laushin rai sai su yi yaushi su mutu, shi kuwa ko a jikinsa. Wanda yake son sanin irin iskar da ake shaƙa, ya tuna hazon hayaƙin da ya rufe Landan a Disambar 1952, wanda ya yi ajalin dubban mutane, har ya kai ga kafa dokar tsabtace iska a 1956. Itacen da ya rayu a cikin wannan, ƙurar mota ba za ta tsorata shi ba.

Sai kuma maganar gidaje. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, dokar gidaje ta 1919 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin gina wa ma'aikata muhalli, kuma kafin 1939 an gina kimanin gidaje miliyan 4, na hukuma da na 'yan kasuwa. Rukunin Becontree, inda nake zaune, hukumar Landan ta gina shi tsakanin 1921 da 1935: gidaje sama da 25,000, mutane sama da 100,000, galibinsu an kwaso su daga cunkoson tsakiyar gari. Kowane gida da 'yar farfajiya a gaba. To da me za a shata iyakar farfajiyoyi dubu ashirin da biyar? Bulo tsada gare shi. Firibet kuwa ka yanki reshe ka soke a ƙasa mai danshi, sai ya yi saiwa. Da na ji haka sai aguwa da bini-da-zugu suka faɗo mini a rai, yadda mahaifinmu kan sari rassa ya kakkafa a iyakar gona, kafin shekara ta zagayo sun zama shinge. Dabarar mai ƙaramin ƙarfi ce, can da nan.

A tsofaffin unguwanni akwai wani dalilin da ido ke iya gani. Duba kan gajeren ginin da ke bakin titi, za ka ga guntayen ƙarfe a jere, kowane bai fi kan yatsa ba, sun yi tsatsa. Ragowar dangar ƙarfe ce da gwamnati ta sa aka yayyanke lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don aikin yaƙi. Da yawa ba a mayar ba, shingen da ke baya ya gaji aikinta.

Amma amsar Goggo ta ainihi tana wajen doka. A nan, idan za ka yi katanga ko danga a bakin titin mota ta wuce mita 1, sai ka nemi izinin hukuma. A sauran gefen gida iyakar mita 2 ce. Shinge mai rai kuwa ba a neman izinin dasa shi. Don haka Bature, wanda shi ma yana son rufin asirinsa kamar kowa, ya samu hanya. Mu mun saba da doguwar katanga da zaure, baƙo ya yi sallama ya tsaya a nan, cikin gida na iyali ne. Su nasu sirrin rabi ne: shingen ya tare idon mai wucewa daga tagar falo, amma ya bar haske ya shigo, wanda a ƙasar da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe huɗu a Disamba ba ƙaramin abu ba ne. Ya kuma bar kai da kafaɗa a waje, har maƙwabci ya gaida maƙwabci. Wanda ya bar nasa ya zarce mita 2 yana tare wa wani haske, dokar 2003 ta ba maƙwabcin damar kai ƙara ƙaramar hukuma.

Ba na ɓoye muku aibinsa. Saiwarsa haɗama gare ta, tana shanye ruwa da taki, furen da aka dasa a gindinsa sai ya rame. 'Ya'yansa baƙaƙe guba ne ga mutum, ana kwaɓar yara. Fararen furanninsa na wannan watan na Yuli suna da wani ƙamshi mai nauyi da wasu ba sa jurewa. Ga shi da son aski, sau biyu ko uku kafin sanyi ya shigo.

Askin ma wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta koya mini, wadda a wannan layin aka haife ta. Ta kafa sanda biyu, ta ɗaure igiya tsakaninsu, ta ce in bi igiyar da almakashi, in bar gindi ya fi sama faɗi don rana ta kai ga ganyen ƙasa. Ina shirin farawa sai ta riƙe hannuna, ta buɗa rassan a hankali. Can ciki, inda babu ganye sai ƙirare da duhu, ga sheƙa da ƙwai huɗu shuɗaye. Muka ajiye almakashi har sai da 'ya'yan suka tashi. Lalata sheƙar da tsuntsu ke ciki laifi ne a dokar 1981, amma ita ba dokar ta ambata ba, cewa ta yi haka uwarta ta koya mata.

Abin da ke damuna shi ne ana ta tumɓuke shi. Mota ta yi yawa, wurin ajiyewa ya yi tsada, sai mutum ya cire shinge ya shafe farfajiya da siminti. Ruwan sama ya rasa inda zai nutse, ya kwarara titi, shi ya sa tun 2008 aka sa sharaɗin neman izini ga wanda zai shafe fiye da murabba'in mita 5 da abin da ba ya tsotse ruwa. A layinmu gidaje uku sun cire nasu a bara, kuma hayaniyar gwara da ke tashe ni da asuba ta ragu.

Ta gefen hagu na namu shingen akwai giɓi, inda wata cuta ta saiwa ta kashe gindi biyu. Dattijuwar ta ce kada in sake dasa firibet a daidai wurin, cutar na nan cikin ƙasa. Na dai yanki rassa goma daga ɓangaren mai lafiya na kafa a bokiti bayan gida, bakwai sun yi toho, kuma wani maƙwabci da ya sayi gida da farfajiya tsirara ya ce yana so.

A gaida Goggo, a faɗa mata ba lalle ba ne. A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan'uwanku a Dagenham